Baturen Yarjejeniya

Albasa ce ta kashe Mitwalli. Haka leburorin sito suka gaya wa Nabawiyya ranar da suka kawo mata gawar ɗan autanta a kan ƙyauren ƙofa.

Wai da tsakar rana ya leƙa ofishin Hawaja Bartolo, Bature mai siton audugar da suke wa dako a bakin tashar jiragen ruwan Iskandariyya ta Masar. Ya tarar da shi gaban kwanon wake, ya ɗora albasa a tebur ya fasa ta da dunƙulallen hannu. Mitwalli kuwa bakinsa ba ya ajiye magana. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, Hawaja! Wannan ai fashin albasar ƙauyenmu ne. Ashe Turawa ma sun iya?" Bai rufe baki ba harsashi ya same shi a ƙirji.

'Yan sanda sun zo, sun ga mai bindigar da malafa da farar kwat, suka sara masa suka juya. Yarjejeniyar da tsofaffin sarakuna suka ƙulla da ƙasashen Turai ta ce ba a kama Bature, ba a tsayar da shi gaban alƙalin gari. Jakadan ƙasarsa kaɗai ke yi masa shari'a. Kowa kuma ya san ƙarshenta: a saka mutum a jirgi ya je gida ya sha iska, ya dawo da sabon takalmi.

Nabawiyya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Sai ta yafa baƙin mayafinta, ta je ta zauna gefen mai shayin da ke kallon ƙofar sito, don kawai ta ga fuskar da za ta riƙa tsine wa. Ya fito, dogo, fari-fari, gashi ya sha mai an kwantar da shi har kan kunnuwa. Ta bi tafiyarsa da ido har ya ɓace a kwana. Shayin da aka zuba mata ya huce a hannunta. Daga ranar ba ta ƙara zubar da hawaye ba. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta ga igiya a wuyan mutumin nan.

"Haba 'yar uwa, bar wa Allah," in ji maƙwabciyarta. "Ke da ko alif ba ki sani ba, za ki ja da mai takardar Turai?"

"Ai na bar masa tuntuni," ta ce. "Shi ya ce in je."

Ranar shari'a aka bar ta ta shiga, don jakada yana son a ga tausayinsa. Bartolo na zaune ya ɗora ƙafa kan ƙafa, malafa a gwiwa. Ta bakin tafinta ya rantse ba ya jin Larabci, balle wata magana ta fusata shi. Bindigar ce ta tashi da kanta.

Jakada ya gyara murya ya yi wa ɗakin lacca. Ya ce dokar ƙasashe wayayyu ce ta raba su da sauran mutane, ba a miƙa ɗan wayewa ga kotun da ba ta waye ba. Da ya gama sai ya dubi tsohuwar, ya ce in tana da magana ta yi.

"Ranka ya daɗe, ni jahila ce," ta ce. "Wannan kariyar, da jini ake samunta ko da takarda?"

Jakada ya yi murmushi. "Da jini, Inna. Bature haihuwarsa ake yi, ba sayensa ba."

"To wanda ya saya fa?"

"Ɓarawo ne. Sai mu miƙa wa alƙalinku, ya yi yadda ya ga dama da shi."

Ta gyaɗa kai, ta ce to a bar ta ta sumbaci hannun Hawaja, zancen ya mutu. Jakada ya ji daɗi ƙwarai. Ta tako a hankali, kai a sunkuye. Bartolo ya miƙo hannu yana kallon bango.

Ba hannun ta kama ba. Gashin gefen kansa ta cafka da duk ƙarfinta, ta ɗage shi sama. Tsakanin ido da kunne ga jarfar ɗan tsuntsu baƙi, irin wadda ƙauyawan kudu ke yi wa 'ya'yansu maza tun suna goye.

"Sake ni, tsohuwar banza!" Da Larabci ya faɗa, Larabcin kudu zalla, wanda ko tafintan sai da ya zaro ido.

Fuskar jakada ta yi ja. Ya dubi tsuntsun, ya dubi mutumin da ya sha cin abinci a teburinsa, ya ga igiyar da bakinsa ya riga ya ɗaura. Ya nemi mafita.

"Jarfa ko matuƙan jirgi suna yi," ya ce. "Ke ta yaya kika san tana nan, alhali gashi ya rufe ta?"

Nabawiyya ba ta saki gashin ba.

"A cinyata na danne kansa aka tsaga masa ita, ranka ya daɗe, da ruwan nonona aka kwaɓa baƙin. Ɗan farina ne da ya bar gida tun ƙanensa yana goye, ku miƙa shi ga alƙali ya rataye shi."