Tsagar Bangon Hadje Achta

Éric mai fenti ya shafa layi biyu a bango, dab da juna. Ɗaya fari ne sol, ɗayan ya ɗan dishe kamar kindirmon da ya kwana. Wanda bai sa ido ba cewa zai yi duk ɗaya ne.

Hadje Achta ta sa ido. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, tana zaune kan tabarma a wani ɗaki nata da babu kowa ciki, a unguwar Djamboutou. Bangon ya tsage daga rufi har ƙasa, yatsa na shiga. Damina kuwa saura wata guda. Ta ce masa 'yan haya za su zo dubawa ran Juma'a, mata da miji da jariri, kuma ba ta so su ga tsagar.

Shi ne na huɗu da ta kira. Ukun farko, da ganin bangon, suka ce a nemo magini, su ba da su ba. Ta sa musu albarka suka tafi.

Éric dariya ya yi.

"Mama, ki manta da farin nan, tonon asiri gare shi, inuwar tsaga na fitowa. Mai kalar kindirmon shi ke haɗiye komai."

"Ramin fa, ɗana?"

"Takardar buhun siminti. In jiƙa, in murɗe kamar igiya, in cusa, in shafe. Voilà! Duk Garwa ni kaɗai na iya."

A bakin ƙofa, ɗanta Saleh mahauci ya daina tauna goro.

"Kai dai da cika baki," in ji tsohuwa. "Ka taɓa yi ya ɓoyu?"

"Bara ma na yi, wani gida can wajen gada, mai koren ƙyaure. Tsagarsa ta fi wannan. Kwana uku mai gidan ya sa mutane ciki."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon fentin yana bushewa. Saleh ya tashi, ya je ya sa wa ƙofar gida sakata a hankali, ya dawo ya tsaya.

Éric ya goge hannu a wando. "To Mama, wanne za a sa?"

Ta ɗago ido ta dube shi. Babu wasu 'yan haya da ke zuwa. Wata goma ke nan tana neman hannun da ya shafe bangon da ya rufta kan autarta Kausar, a gida mai koren ƙyaure.