Ƙarƙashin Kofato

Wani dattijo, Bahaushen Sudan, ya ziyarci ɗakin wani ɗalibi. Ya ajiye shayinsa ya tsaya gaban zanen da ɗalibin ya sayo a kasuwar Ataba: sojojin dawakin Ingila a sukwane, kowa da mashi a hannu. 'Yar dattijon ɗalibin yake nema da aure, shi ya sa ya ƙawata ɗakin.

"Baba, dubi kyan dawakin nan."

Dattijon ya ɗora yatsa can ƙasa, kan wani baƙin mutum mai riga faci-faci, kwance ƙarƙashin kofato.

"Ɗana, yaƙin Umdurman ke nan, na Turawa da mutanen Sudan. Da irin rigar nan kakana ya fita, bai dawo ba."

Ɗalibin ya sunkuyar da kai. Kullum yana kallon zanen, bai taɓa lura akwai mutum a wurin ba.