Wanda Ya Koyi Python Don Tono Laifi

Tun da ka kawo maganar ƙyashi a wurin aiki, bari in buga maka misali. A wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa asibitoci manhaja, akwai wani magidanci da ya shekara goma sha biyu yana rubutu da yaren kwamfuta da ake kira PHP. Ya san shi kamar yunwar cikinsa, duk abin da ya gagara a ofis teburinsa ake kawowa. Ana nan sai aka ɗauki wata mata aiki, ita kuma da wani yare take rubutu, Python. Abin da zai yi a layi arba'in, ita sai ta gama shi a layi goma, mai kamfani ya tsaya a bayanta yana jinjina kai yana cewa Masha Allah. Kalmar nan ta tsaya wa mutumin a rai. Ga shi kuma an sanar cewa idan aka kammala manhajar wani asibitin karkara da suke kai, za a naɗa ɗaya daga cikinsu shugaban sashe. Shi kuwa ya daɗe yana ganin kujerar nan tasa ce, har ya riga ya yi wa matarsa albishir a gida.

To, akwai ƙa'ida a kamfanin: ba a haɗa rubutun kowa da uwar manhaja sai wani ya duba ya amince. Gogan naka ya yi caraf ya ce shi zai riƙa duba nata. Nasa kuwa, ya ce ba a haifi mai duba shi ba tukuna, aka yi dariya aka ƙyale shi saboda girma. Yaren da yake kushewa yana cewa na malalata ne, sai ga shi ya duƙufa koyonsa a ɓoye, ba don so ba, don kawai ya iya tono mata laifi. Ya kuwa tono. Ta rubuta sashen rajistar marasa lafiya, ya mayar mata: tsohuwar da ba ta san ranar haihuwarta ba fa, ina za a sa ta? Ta gyara. Ya sake mayarwa: idan mutum biyu sunansu ɗaya, ƙauyensu ɗaya? Ta gyara. Ya ce idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar adana bayani fa? Wannan kam sai da ya ci mata mako guda. Duk saƙon gyaran da zai tura mata, sai ya saka sauran ma'aikata a ciki don kowa ya gani, in ya hango ta ta dafe kai sai ya ji sanyi a ransa. Ranar da ya bi rubutunta layi-layi bai samu komai ba, ko abincin rana kasa ci ya yi. Wata huɗu yana wannan hidima. Nasa sashen, na adana sakamakon gwajin jini, sai dai ya watsa masa rubutu a gurguje bayan la'asar.

Ranar da aka kai manhajar asibitin, ana cikin aiki da ita, ga layin marasa lafiya har waje, sai wuta ta ɗauke. Kafin a tayar da janareta an yi minti biyar. Da kwamfutoci suka dawo, duk wanda aka yi wa rajista yana nan daram, ko harafi bai ɓace ba. Sakamakon gwajin jinin mutum talatin kuwa, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Dole aka bi bayin Allah ɗaya bayan ɗaya ana ba su haƙuri, ana sake ɗibar jininsu, mai kamfani yana tsaye yana sharce gumi. Tambayar da mutumin ya ƙure matar da ita, bai taɓa yi wa kansa ita ba.

Da aka naɗa ta shugabar sashe, ta miƙe a gaban kowa ta dube shi ta ce, "Ni dai Yaya zan yi wa godiya. Wallahi da bai tsaya a kaina ba, da aikina bai kai ko'ina ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Aka ɗau tafi, shi ma dole ya ɗaga hannu ya tafa.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.