Mai Gyaran Waya da Darar Amininsa

Tunda ka dage cewa duk wanda ya nuna maka aibin aikinka ba ya ƙaunarka, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran waya a kasuwar Funtuwa, mutum mai haƙuri da sanyin hali. Idan rana ta take, ciniki ya lafa, sai ya ture kayan aiki gefe ya shiga rubutu a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu ya gyara. Ba aikin albashi ba ne, sha'awa ce kawai. Fanninsa wasannin bidiyo, kuma inda ya fi ƙwarewa shi ne sashen da ake tattara abin da masu sharhi suka faɗa a kan wasa: wane ya yaba, wane ya kushe, ga inda kowa ya faɗi tasa. Ƙa'idar wurin ita ce ba ka sa ra'ayinka, kai ɗan aike ne. Ya kuwa riƙe ta da kyau, domin wasannin ƙasashen waje ba sani ba sabo yake yi musu, yabo da suka duk ya zuba yadda ya same su.

Ana nan sai amininsa, wanda suka tashi unguwa ɗaya, ya ƙirƙiri wasan dara na waya. Darar nan dai tamu ta gindin bishiya ya mayar cikin waya, har da ƙarar tsakuwa idan ka ajiye ɗa. Jaridu suka yi magana a kai, mai gyaran waya ya buɗe wa wasan shafi ransa fari ƙal. Da ya iso sashen masu sharhi, nan hannu ya yi nauyi. Kusan kowa ya yaba, amma wata mai sharhi a wata mujalla, bayan ta gama yaba zane da sauti, sai ta ƙara da cewa idan kana karawa da na'urar takan jera 'ya'ya huɗu a layi ta ci naka, alhali duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban dara ya san uku ake jerawa, huɗu ba ta ci. Ya karanta ya ji kamar shi aka zaga. Sai ya kwashe yabon matar ya zuba a shafin, ya bar sauran inda ya gan shi, yadda mai tumatir ke jera masu kyau a saman kwando. A ganinsa kara ya yi, ai mutum ba ya tona asirin nasa a bainar jama'a.

To, akwai wata malama cikin masu gyara kundin, bai taɓa ganinta ba. Ta bi majiyar, ta dawo da rabin da ya yanke. Ya cire, ta mayar, ya sake cirewa yana ƙunƙuni cewa hassada ce, mutanenmu ba sa son nasu ya ci gaba. Sai ta bar masa saƙo cikin ladabi, ta ce shafin da babu komai cikinsa sai yabo talla ne, talla kuwa a kundin nan gogewa ake yi gaba ɗaya, ita kuma so take shafin ya zauna. Nan ya rasa tudun dafawa. In ya bar sukar, da wane ido zai kalli amininsa? In ya cire, shafin ya tafi, kuma nan ne kaɗai baƙo zai nemi labarin wasan da Hausa ya samu. Ya yi ta saƙawa yana kwancewa. A ƙarshe ya bar sukar a wurinta, ya rufe shago da wuri, ya tafi ba da haƙuri kafin wani ya riga shi kai labari.

Ya tarar da aminin a zaure. Gaisuwa bayan gaisuwa, har gajiyar bara sai da ya tambaya, sannan ya daure ya buɗe shafin a wayarsa ya miƙa masa. Aminin ya karanta, ya sake karantawa. Ashe abin ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Matasa suna sauke wasan su riƙe, amma dattawan da ya yi shi dominsu sai su taɓa sau ɗaya su ajiye, in ya tambaye su sai su ce an yi ƙoƙari, Allah Ya yi albarka. Kowa ya ga kuskuren, kowa ya yi masa kara. Ya ɗago ya dubi mai gyaran waya yana murmushi ya ce, “Aboki, har da kai a cikinsu?” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kunya kuwa ta kama mai gyaran waya har tafin ƙafa.

Ba a jima ba aminin ya gyara wasan. Mai sharhin nan ta sake rubutu, ta ce yanzu darar ta zama dara. Mai gyaran waya ya shigar da sabuwar maganarta ƙarƙashin tsohuwar, bai goge ko harafi ɗaya ba, kuma bai taɓa jin daɗin wani gyara da ya yi kamar wannan ba. Shafin yana nan, amincinsu yana nan, dattawan unguwa kuma yanzu sai an yi da gaske ake karɓe wayar daga hannunsu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.