Gawon Gonar Aro

Tun da ka ce bana za ka karɓe gonar da ka ba mutum aro don ka ga ta yi kyau, dakata ka ji abin da ya sami wani manomi kafin ka aika masa.

Baƙo ne, fari ya koro shi daga arewa, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu da jaki guda. Ya sauka a wani gari, ya je wurin wani Alhaji mai gonaki da yawa ya roƙi aron inda zai noma abin kai wa baki. Alhajin ya nuna masa wani faƙo a bayan gari, inda aka yi shekara ashirin ana shuka masara ba hutu har ƙasar ta mutu, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, ba abin da ke fitowa sai wuta-wuta. Ya ce masa ya je ya noma har ya gaji, ba mai tambayarsa. Shekarar farko masarar baƙon ko gwiwa ba ta kai ba, ganyenta ya yi rawaya, iyalinsa suka ƙarasa shekara da ƙwadago a gonakin mutane. Ba shi da shanu balle ya sami taki. Amma a inda ya taso ana ganin girman gawo, ya san itace ne mai kaɗe ganyensa da damina ya ciyar da ƙasa, ya bar wa shuka rana, sai da rani ya sake yin ganye. Sai ya shiga tsintar ƙwayar gawo a cikin kashin awaki yana binnewa, duk wadda ta tsiro ya kewaye ta da ƙaya. Da rani ya riƙa ɗauko ruwa a kan jaki daga rijiya mai nisa yana ba su. Kututturen sabara da kalgo, waɗanda kowa ke tonewa ya ƙone, shi ya bar su suka toho. In ruwa ya sauka sai ya sassabe ɗanyen ganyen, ya shimfiɗa a kwarin kunya, ya rufe da ƙasa ya ruɓe. Masu wucewa suna dariya, wai baƙo daji yake nomawa. Shekara tara yana wannan wahala, tafin hannunsa duk kanta. A ta tara ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, in ka tona da yatsa sai ka ga tana. Masara ta wuce kan mutum, da yawa da goyo bibbiyu. A shekarar ya gina rumbu na biyu, matarsa ta daina zuwa surfe gidajen mutane.

Wata rana Alhajin ya biyo ta wurin, ya daɗe tsaye yana kallo, ko sannu da aiki bai ce ba. Ana gama girbi sai ga saƙo, wai yana bukatar gonarsa. Baƙon ya je wurin dattawan gari, suka sunkuyar da kai suka ce aro aro ne, ƙasa ta mai ita ce. Ba wanda ya buɗe baki ya ambaci shekara taran nan, kamar ruwan sama ne ya raya wurin. Baƙon ya haɗiye abin, ya roƙi Alhajin alfarma ɗaya tak, kada a sare itatuwan, domin su ne ran gonar. Alhajin ya ce shi gona ya ba da, ba kurmi ba, kuma itatuwa za su hana tarakta wucewa. Ba a yi mako ba ya kawo masu gawayi. Baƙon yana tsaye a gefen hanya aka riƙa kayar da gawon da ya shayar da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya yi kwana huɗu yana tashi. Ko tuwo ya kasa ci. Shekara biyu gonar ta yi albarka da sauran abin da aka bari a cikinta, Alhaji yana ta cika baki a majalisa. A ta uku masara ta fara gajarta. Alhajin ya zuba takin zamani, ruwa ya wanke, iska ta kwashe ƙasar saman tun da ba abin da zai tare ta. Kafin ta biyar wuta-wuta ta rufe wurin. Sai ya tashi takanas ya nemi baƙon, ya same shi a wani faƙo can gefen daji, gemu ya yi fari, yana durƙushe yana kafa wa wani ɗan tsiro ƙaya. Ya ce ya faɗa masa asirin da ya binne a gonar nan ya kuma tone da zai tafi. Baƙon bai ko miƙe ba, ya ce, "Alhaji, ban tone komai ba. Asirin a tsaye ka same shi, guda arba'in da uku. Kai ka sa aka mai da shi gawayi." Alhajin ya ce to ya dawo ya ci gaba da nomawa, aro kamar dā. Baƙon ya ci gaba da kafa ƙayarsa. Gonar nan har yau ko akuya ba ta tsayawa kiwo a cikinta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.