Dariya Ɗaya ga Mai Shayi

Tun da akwatin talabijin ya fara sauraron masu kallo, duk ɗan wasan katun, wato zane mai motsi, da bai tara dariya dubu a mako ba, goge shi ake yi. Ranar Juma'a dariya ɗaya ta rage wa Ɗanliti mai shayi, wanda Iya Talatu ke ƙauna don yana ɗingishi irin na marigayi mijinta.

Ta leƙa shagon Barau tela, Ɗanliti na kan allo.

"Barau, taimaka ka yi masa dariya."

"Iya, wasan nan ya lalace tun bara. Kuma akwatin yana gane ta ƙarya."

Sai ta karkace, ta ɗingisa, tana kwaikwayon tsiyaya shayi a iska. Barau ya tuntsire har hularsa ta faɗi.

Fitilar akwatin ta koma koriya, dariya ta cika dubu. Akwatin bai tambayi wa aka yi wa dariyar ba.