Madubin Hangen Nesa

Ɗan acaɓan da zai kai ta tashar Zango yana ƙofar gida lokacin da ta ɗauko madubin hangen nesa za ta sa a jaka, kusa da takalmin roba da gidan sauro. Wata uku za su yi a kurmin Kudu da 'yan ajinsu, suna nazarin tsuntsaye. Ta sha cewa ta fasa saboda idon Inna, Inna tana rantsuwa hazon da ke idonta ya washe.

"Kawo in ga abin nan da ake yabo," in ji Inna.

Ta ɗora shi a ido, ta juya wajen kukar bayan gida, ta daɗe tana murmushi.

"Ikon Allah, ga shamuwa can a reshe kamar in taɓa ta. Je ki, 'yar nan, lafiyata ƙalau."

Tun rasuwar Baba su biyu ne a gidan. A waje ɗan acaɓa ya sake kira.

Ta karɓi madubin daga hannun Inna, ta duba. Murafun baƙar roba suna nan a kan gilasan biyu, ba a cire su ba.